Yadda larurar ƙin cin abinci ke buɗe wa cutar huhu ƙofa

A shekarar 1983 mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter ta rasu tana da shekara 32, bayan zuciyarta ta gaza sakamakon anoreksiya, larurar da ke sa mutum ya riƙa hana kansa abinci don tsoron ƙiba. Mutuwarta ta jawo hankalin duniya kan illar da cutar ke yi wa zuciya. Sai dai huhu ma yana shan wahala, kuma ba a cika maganarsa ba.

Idan jiki ya daɗe cikin yunwa, yakan fara cin namansa, har da tsokar da ke ƙasan huhu wadda ke jawo numfashi. Daga nan tari ya yi rauni, majina ta kasa fita, ƙwayoyin bakteriya su samu wurin zama. Ɓargo ma yakan rage samar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta.

Ga masu bulimiya, waɗanda ke cika ciki sannan su ƙaƙaro amai, wani hatsarin shi ne aman ya bi ta maƙogwaro ya faɗa huhu, ya haddasa nimoniya ko ƙurji mai ruwa a ciki.

Abin da ya fi tayar da hankalin likitoci shi ne alamomin kan ɓuya. Lafiyayyen mutum da ya kamu da nimoniya yakan yi zazzaɓi sama da digiri 38. Jikin da yunwa ta cinye kuwa yana iya zama da sanyi, gwajin jini bai nuna tashin fararen ƙwayoyi ba, alhali cutar ta yi nisa.

Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙarancin abinci cikin manyan abubuwan da ke jawo tarin fuka, cutar da Najeriya ke cikin ƙasashen da ta fi addaba.

Magani yana buƙatar kashe ƙwayoyin cutar da kuma dawo da abinci sannu a hankali a asibiti, domin ciyarwa da gaggawa kan sauke sinadarin fosfet a jini, numfashi da zuciya su shiga haɗari. Sai kuma likitan ƙwaƙwalwa, tunda nan ne tushen larurar.

Iyayen da suka ga 'yarsu ko ɗansu yana gudun abinci, yana ramewa, ga tari ko haki, kada su jira zazzaɓi kafin su kai shi asibiti.