Na'urar Ɗaukar Hoton Biki da Jiragen Ɗaliban Ebiyeshin

Duk wanda ya zauna a Samaru, ko Zango, ko Palladan, ko Hanwa, ya saba da ƙarar ƙananan jiragen sama da ke kewaya samaniya tun da hantsi. Mun tashi mun tarar da ita, 'ya'yanmu ma sun tarar da ita, har ta kai mai wa'azi ba ya ko dakatawa idan jirgi ya bi ta kan rufin majami'a ana tsakiyar sujada. Amma a 'yan shekarun nan wata sabuwar ƙara ta shigo, siririya kamar ta taron ƙudan zuma. Ita ce ƙarar ɗan ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda samarinmu suke kira duron.

Yanzu da wuya a yi babban ɗaurin aure, ko taron shekara na zumuntar mata, ko gangamin matasa, ko jana'izar wani dattijo, ba a ga wannan na'ura tana shawagi a kan jama'a ba. Hoton da take ɗauka yana da kyau, wannan ba a musu. Kwanakin baya mun halarci liyafar aure a wani fili da ke gefen hanyar Kwangila zuwa Samaru. Mai ɗaukar bidiyo ya tashi na'urarsa, ta yi sama har ta zama kamar ɗigon tawada, yara suna ihu suna nuna ta da yatsa. Ana cikin haka sai ga jirgin ɗalibai ya sauko ƙasa-ƙasa yana neman titin sauka. Ya wuce lafiya, aka ci gaba da rawa. Da muka tambayi saurayin ko ya nemi izini, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan abin wasa ne, ko kilo ɗaya bai kai ba." Wannan amsa ita ce dalilin rubutun nan.

Maƙwabcin da muke da shi

'Yan'uwa, ya kamata mu tuna wane irin maƙwabci ne muke da shi. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda kowa a Zariya ya sani da suna Ebiyeshin, an kafa ta a shekarar 1964 da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO. A nan ake horar da matuƙa, da injiniyoyin jirage, da masu kula da zirga-zirgar sama, ba na Nijeriya kaɗai ba, har da na wasu ƙasashen Afirka. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, ta yi karatu, daga baya kuma a 2011 ta dawo ta shugabanci makarantar.

Filin jirgin Zariya filin koyo ne. A babban filin jirgi kamar na Kano, jirgi yakan tashi ya yi sama ya tafi abinsa. A nan kuwa ɗalibi yakan tashi, ya kewaya filin a tsayin da bai wuce kimanin ƙafa 1,000 ba, ya sauko ya taɓa titi da ƙafafun jirgi, ya sake tashi, ya maimaita haka sau da yawa a darasi guda. Jiragen kuma ƙanana ne, irin su Tampico da Diamond, galibinsu masu inji ɗaya da farfela ɗaya a gaba. Akwai kuma ranar da malami zai sauka ya bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai a karon farko. Wannan yaro ko yarinya, idonsa yana kan titi da agogunan da ke gabansa, kunnensa yana kan muryar hasumiya. Ba shi da sararin neman wani ɗan abu mai girman faranti a cikin hazon hunturu.

Ɗan lissafi

Mutane da yawa suna zaton jirgin sama yana can nesa, na'urarsu kuwa tana nan kusa da ƙasa. Bari mu yi lissafi. Jirgin da zai sauka yakan gangaro a hankali, a kan kusurwa ta kimanin digiri 3. Ma'anar wannan ita ce, a duk kilomita ɗaya da ya ci, tsayinsa daga ƙasa yakan ragu da kimanin mita 52. Idan saura kilomita 2 ya kai titi, yana wajen mita 120 ne kawai. Idan saura kilomita ɗaya, bai fi mita 70 ba. To, mita 120 ɗin nan, wato ƙafa 400, shi ne iyakar tsayin da ƙasashe da yawa suka yarda mai duron ya kai a wurin da babu filin jirgi. Ke nan tsayin da ba shi da laifi a gonar Giwa ko Hunƙuyi, a kusa da Ebiyeshin shi ne ainihin hanyar jirgi.

Ƙaramin jirgin koyo yana sauka da gudun kimanin kilomita 130 a awa ɗaya. A cikin daƙiƙa guda ya ci mita 36. Ko da matuƙi ya hango na'urar daga nisan filin ƙwallo, ƙasa da daƙiƙa uku ke gare shi ya gane abin da ya gani, ya yanke shawara, ya kauce, alhali yana kusa da rufin gidajen mutane.

Sai batun nauyi. Gaskiya ne akwai ƙananan na'urori da ba su kai giram 250 ba, amma waɗanda masu bidiyon biki suka fi so sukan kai daga kusan kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wani zai ce ai shaho ma ya kai haka, kuma jirage suna karo da tsuntsaye. Bambancin shi ne tsuntsu nama ne da gashi da ƙashi mara ƙarfi, ita kuwa na'urar tana da injina huɗu na ƙarfe da batir mai tauri wanda yake iya kamawa da wuta idan ya fashe. A 2018 masu bincike a Jami'ar Dayton ta Amurka sun harba irin wannan na'ura a kan fiffiken ƙaramin jirgi don gwaji, sai ta huda fiffiken ta shige ciki har ta lahanta ƙarfen da yake riƙe da shi.

Abin da ya faru a wasu wurare

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ranar 10 ga Agusta 2021, a filin jirgin Buttonville kusa da birnin Toronto na Kanada, wani ɗalibi da malaminsa suna gangarowa za su sauka a cikin ƙaramin jirgin koyo ƙirar Cessna 172. Saura kimanin kilomita 2 su kai titi, a tsayin wajen ƙafa 400, sai suka ji wani abu ya doki jirgin da ƙarfi. Sun zaci babban tsuntsu ne. Da suka sauka lafiya aka duba, sai aka ga ƙasan hancin jirgin ya lotse. Ashe duron ne, kuma na 'yan sanda ne, wanda aka tashi ba tare da izinin masu kula da sararin wurin ba. Idan ma'aikacin da aka horar ya iya yin wannan kuskure, ina ga saurayin da ya koyi abin a wayarsa?

A watan Satumba 2017 wata na'ura ta wani mai wasa ta yi karo da jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka a kusa da birnin New York, ta lalata masa farfela. Mai ita ya tura ta nesa har ba ya iya ganinta da ido. A watan Janairu 2025 kuma, lokacin gobarar dajin Los Angeles, wata 'yar ƙarama irin wadda ba ta kai giram 250 ba ta huda fiffiken jirgin kashe gobara, aka ajiye shi kwanaki ana gyara alhali gidajen mutane suna ci da wuta. Mai na'urar ya amsa laifinsa a gaban kotu.

Ko ba a yi karo ba, ganin na'urar kaɗai ya isa ya tsayar da aiki. Daga 19 zuwa 21 ga Disamba 2018, ana gab da Kirsimeti, rahotannin ganin duron sun sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila. Abin ya shafi tashi da saukar jirage kimanin 1,000 da fasinjoji wajen 140,000, da yawansu masu tafiya gida ne don yin biki da iyalansu. Bayan haka, a 2019, Ingila ta faɗaɗa yankin da aka hana tashin na'urar har zuwa kilomita 5 daga kowane ƙarshen titin jirgi. A auna kilomita 5 daga Ebiyeshin a ga unguwanni nawa da majami'u nawa za su faɗa ciki.

Me doka ta ce a ƙasarmu

Tun a watan Mayu 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta ba da sanarwa cewa ba a yarda wani mutum, ko ƙungiya, ko ma hukumar gwamnati, ya tashi jirgi mara matuƙi a sararin ƙasar nan ba sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. A ƙa'idojin sufurin sama na 2023 an keɓe sashe guda sukutum, na 21, don waɗannan na'urori. Shigo da su daga waje ma yana buƙatar takardar shaida daga wannan ofishi na tsaro. Wanda yake karɓar kuɗi don ɗaukar hoton biki da ita sana'a yake yi, don haka ba zai fake da cewa wasa yake yi ba.

Kada kuma a dogara da na'urar a ce ita da kanta za ta ƙi shiga wurin da aka hana. Da can kamfanin DJI, wanda ya fi kowa ƙera su, yakan kulle na'urorinsa a kusa da filayen jirage, amma a Janairu 2025 ya cire kullen a Amurka, ya bar gargaɗi kawai a kan allo. Alhaki yana wuyan wanda yake riƙe da abin sarrafawa.

Bugu da ƙari, Zariya garin soja ne. Ga Difo da aka kafa tun 1924, ga Makarantar Soja ta yara, ga barikin Basawa a bayan Samaru. Zamanin kuma ya canza. 'Yan ta'adda a arewa maso gabas sun fara amfani da irin waɗannan na'urori na kasuwa, abin da ya sa a Janairu 2025 rundunar soja ta hana tashinsu ba izini a jihohin Borno da Yobe da Adamawa. A jiharmu ta Kaduna kuwa ba wanda ya manta da daren 3 ga Disamba 2023, sa'ad da jirgin soja mara matuƙi ya jefa bam bisa kuskure kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, rayuka fiye da 80 suka salwanta. Wancan babban jirgin yaƙi ne, ba irin na biki ba, amma tun daga lokacin duk abin da ke shawagi a kan taron jama'a yana tayar da hankali. Sojan da ke gadi ba shi da hanyar sanin ko abin da ya gani a kan katangar bariki na amarya ne ko na maƙiyi.

Na'urar ba ita ce matsala ba

Ba muna cewa a jefar da fasaha ba ne. Tun 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da alluran rigakafi zuwa asibitocin ƙauyuka a jihar Kaduna daga cibiyarsa ta Pambegua, da jirage marasa matuƙa. Masu binciken noma suna auna gonaki da su, masu safiyo suna zana taswira da su. Abin da ya raba waɗannan da saurayin da muka gani shi ne suna aiki da izini, a kan hanyar da masu kula da sama suka sani.

Abin da za mu iya yi

Galibi ba mu ne muke tashin na'urar ba, amma mu ne muke biyan kuɗin. Saboda haka kwamitin biki ko na taro, kafin ya ba mai bidiyo kuɗin kafin alƙalami, ya tambaye shi ko zai zo da duron, kuma ya nemi ganin takardunsa. Wanda ya ce ba a buƙatar takarda, a gode masa, a ce ya ɗauki hotonsa daga ƙasa.

Dattawan ikilisiyoyin da ke Palladan, da Hanwa, da Zango, da Kwangila, da hanyar Basawa, da Samaru, zai yi kyau su sa wannan cikin sharuɗɗan ba da haraba ko zauren taro, kamar yadda ake sa sharaɗin lokacin tashi da na janareta. Idan babban taro ne da ake ganin lalle sai an ɗauki hoto daga sama, a rubuta wa hukumar kwalejin da 'yan sanda tun da sauran makonni, a kuma karɓi amsarsu ko da ba ta yi daɗi ba. Sau da yawa hawa bene ko ɗaura kyamara a kan doguwar sanda yana biyan buƙata.

Inda aka sami izini, a wurin da ke nesa da filin jirgi, kada na'urar ta wuce ƙafa 400, kada ta ɓace wa idon mai ita, kada a tashe ta da dare ko cikin hazo, kada kuma ta tsaya daidai kan kawunan jama'a, domin idan batir ya mutu a kan wani za ta faɗo. Da an ji ƙarar jirgi, a sauke ta nan take, ko da a lokacin ne ango yake sa wa amarya zobe.

Iyayen da 'yan'uwa suka aiko wa 'ya'yansu irin wannan kyauta daga ƙasashen waje, su zauna da yaran su bayyana musu. Yaron da yake sha'awar tashin na'ura, wataƙila gobe shi ne zai zauna a kujerar matuƙi a Ebiyeshin. Shugabannin matasa za su iya neman izinin kai ziyara makarantar, yara su ga jirage da idonsu, su ji daga bakin malamai.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ɗalibin da ke bi ta kan rufinmu da safe ɗan wani ne, iyayensa sun yi ɗawainiya mai yawa kafin ya kai wannan kujera. Idan abu ya same shi a sama kuwa, a kan gidajenmu da makarantun 'ya'yanmu da kasuwarmu zai sauko. Fiye da shekara 60 ke nan muna zaune lafiya da wannan maƙwabci. A taron kwamiti na gaba, idan aka zo kan batun mai ɗaukar hoto, wani daga cikinmu ya ɗaga hannu ya yi tambayar.