Ko Kun Sani? Gwajin CA-125 Ba Ya Yanke Hukunci Shi Kaɗai

Idan likita na zargin sankarar ma'ajiyar ƙwan mace, yakan tura a gwada jini don auna wani sinadari mai suna CA-125, wanda Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1981. A galibin ɗakunan gwaji, in adadin bai wuce 35 ba, ana ɗaukarsa lafiya lau.

To amma a nan gizo ke saƙa. Jinin al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa, ciwon hanta, har da tarin fuka da ya kama cikin mutum, duk suna iya ɗaga adadin alhali babu sankara ko kaɗan. Sannan kusan rabin matan da cutar ke matakin farko, sakamakonsu kan fito daidai. Amfaninsa ya fi bayyana wajen bibiyar wadda ake yi wa magani: adadin na sauka, alama ce magani na ci.

'Yar'uwa, in kumburin ciki ko saurin ƙoshi ya ƙi wucewa, koma asibiti a yi miki hoton ciki, ko da takardar gwajin ta ce 20.