Yadda Ake Auna Nasarar Jinyar Masu Shan Miyagun Ƙwayoyi

Rahoton binciken 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu ciwo. Gadajen jinya kuwa kaɗan ne, yawancin kuɗin magani kuma daga aljihun iyali yake fitowa. Saboda haka wajibi ne jama'a su san ma'aunin da za a ce jinya ta yi amfani.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne ƙirga waɗanda aka sallama, amma yakan ruɗi mutane. Fitar da guba daga jiki aikin 'yan kwanaki ne, ƙishirwar ƙwayar kuwa takan ɗauki wata da watanni. Asibitin da ya sallami mutum ɗari da gaggawa ya yi kyau a takarda, ko da rabinsu sun dawo kafin shekara ta zagayo, iyalansu sun sake biya. Amurka ta ga irin wannan matsin a shekarun 1990, sa'ad da kamfanonin inshora suka rage kwanciyar kwana 28 da aka saba, domin tsimin kuɗi. Alhali masanan ƙasar sun tabbatar cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba, a asibiti ko daga gida, amfaninta kaɗan ne.

A 1980 Thomas McLellan da abokan aikinsa suka fito da wani ma'auni mai duba rayuwar majinyaci dukanta, wato lafiyar jikinsa da hankalinsa, da sana'arsa, da zamansa da iyali, da ko ya shiga hannun hukuma, ban da yawan abin da ya sha. Akan maimaita tambayoyin bayan watanni a gwada bambanci. Magidancin da ya koma bakin aikinsa, yana ciyar da gidansa, ya sami ci gaba na gaske ko da ya taɓa yin tuntuɓe.

Tuntuɓen ma ba abin mamaki ba ne: kashi 40 zuwa 60 cikin 100 sukan koma shan, kusan yadda hawan jini yake tasowa in an bar magani. Ba wanda yake cewa maganin hawan jini banza ne don haka. Komawa wurin likita ake yi.

Ana shawartar iyali, kafin su biya kuɗi a kowace cibiya, su tambayi wace kulawa majinyaci zai samu bayan sallama, da kuma tsawon lokacinta.