Lilon Yara a Tsakar Gida: Abin da Ya Wajaba Mai Gida Ya Duba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A zamanin da, ba a sayen wurin wasa a birnin Kano, gama kowace unguwa tana da dandali inda yara ke langa da carafke da 'yar gala-gala. Yanzu kuwa jama'a ta yawaita, an gine filaye, lunguna sun cika da babura da kekunan A Daidaita Sahu. Abin da ya rage wa yaro sai bakin titi ko bakin kududdufi, watau ramukan nan da aka haƙa tun da domin ɗibar ƙasar gini, waɗanda kan cika da damina har su ci rayuka. Saboda haka magidanta, musamman 'yan kasuwa da Allah Ya buɗa wa, suka shiga kafa lilo da abin sulu a tsakar gida.

Shari'a ba ta ƙi wannan ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi lilo tare da ƙawayenta a Madina. Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, watau 1111, ya nuna a cikin Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi yakan kashe zuciyarsa, ya dushe basirarsa. Amma yaro amana ne, abin da aka kafa masa ma amana ne.

Da farko a dubi wuri. Lalle lilo ya yi nesa da rijiya da murhu da turken dabbobi, filin da ke gabansa da na bayansa kowanne ya kai ninki biyu na tsayinsa, don kada yaro ya bugi katanga. A zuba yashi a ƙarƙashinsa mai zurfin taƙi guda ko fiye, gama faɗuwa bisa siminti ita ke fasa kai. A nemi inuwa kuma, domin a watannin Maris da Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, ƙarfe ya yi zafin da zai saɓule fatar yaro.

Na biyu, a dubi abin da aka ƙera shi da shi. In wurin masu walda za a je, a zaɓi bututu mai kauri, a binne ƙafafunsa, a goge duk wani kaifi. In itace ne, kirya da giginya sun fi jimre wa gara. Reshen kuka kuwa ba abin dogara ba ne. Na roba da ake sayarwa a kanti ya dace da ƙanana, amma rana takan farfasa shi, haka nan takan cinye igiyar roba, sai a riƙa dubawa bayan kowace damina. Mazaunin lilo kada ya zama ƙarfe, domin ƙaramin da ya gitta shi yakan buga. Tsohuwar taya ta fi, a huda ta don kada ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa. Araha ba ta ado.

Na uku, fenti. Waɗansu fentoci suna da dalma, yaro kuwa kome ya samu baki yake kaiwa. A 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Hanyar dabam ce, amma dafin ɗaya ne, sai a nemi fenti marar dalma.

Na huɗu, shi ne mafi nauyi, adalci. Gidan da ake suna kusan kowace shekara ba a saya masa lilon yaro ɗaya. A yi shi mai faɗi, da mazauni biyu ko uku, ɗaya mai majingina da maɗauri domin ɗan yaye, a bar gurbin ƙari. Sa'an nan a kafa shi a tsakiya, ba a ƙofar ɗakin amarya ko ta uwargida ba. Ya tabbata a hadisi cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashiru ya keɓe shi da kyauta ban da 'yan'uwansa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kanta, ya yi umurni da adalci tsakanin 'ya'ya. Ƙiyayyar 'yan uba da kan tsaga gida ranar rabon gado, sau da yawa daga irin wannan ƙaramin abu take tsirowa. Marayan da ake riƙo da almajirin da ke aiki a gidan su ma a ba su rabonsu.

Daga ƙarshe a sa wa wasa lokaci: bayan an ajiye allo, da ranakun Alhamis da Juma'a, babba yana kallo. Da magariba ta gabato a tattara yara ɗaki, kamar yadda sunna ta koyar.

Allah Ya raya zuriyar Musulmi, Ya kiyaye ta, Ya haɗa kanta, amin. Haza wasalamu.