Ƙaramin Janareta: A Auna Mai, A Fitar da Shi Waje

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ke neman inda zai rage kashe kuɗi. Wasu masu cajin waya da masu aski a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar sun rage a inda bai kamata ba, wato man da ake gaurayawa da fetur.

Ƙaramin janaretan nan da ake ce wa Tiger, da injin yankan itace, da injin feshi na goyo, yawancinsu ba su da wurin zuba man inji daban. Wanda aka haɗa cikin fetur shi kaɗai ke shafe fistin da ringi. In ya yi kaɗan, injin ya yi zafi ya buga. In ya yi yawa, filogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, hayaƙi ya turnuƙe. Yawanci 50:1 ake rubutawa, wato mililita 20 na man 2T a kowace litar fetur. Wasu injinan yankan itace ƙirar Sin kuwa 25:1 suke so, mililita 40 ke nan. A duba jikin injin, a auna da sirinji, a girgiza a jarka kafin a zuba. Awon ido da murfin gora caca ne. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, arharsa ba ta ado, don gari-garin ƙarfe ne a cikinsa.

Mai sayen fetur na kwalba wajen 'yan bumburutu, musamman ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci ƙura na tashi, ya tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ƙasa kaɗan ta isa ta toshe kafireto.

Babbar maganar dai hayaƙi ce. Irin wannan injin yakan fitar da wani kaso na fetur bai ƙone ba, shi ne shuɗin hayaƙi mai yaji a ido. Amma abin da ke kisa iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da launi balle wari. Tsoron ɓarayi ko ruwan sama ke sa a shigar da janareta zaure ko shago a rufe ƙofa, mutane su kwanta, a wayi gari babu su. A ɗaure shi da sarƙa a fili, nesa da taga. In mutanen ɗaki suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tare, a kashe injin, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti.