Mu San Abin Da Ke Cikin Sosej Kafin Mu Ci

Mu fataken shanu ba ma sayen bijimi sai mun duba haƙori da kofato. Amma da mun sauke kaya a Kumasi ko Kwatano, sai a tura mana sosej cikin burodi a bakin tasha, mu ci ba tambaya. Shi ne Amurkawa ke kira hot dog: niƙaƙƙen nama ne da kitse da gishiri jingim da sinadarin hana ruɓewa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cin giram 50 na irin wannan nama kullum, wato kusan sosej ɗaya, yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da kashi 18 cikin ɗari. Gishirin kuwa abokin hawan jini ne.

To 'yan'uwa, mu nemi ganin ledarsa. In an rubuta "pork" ko "porc", alade ne, mu bar shi. Mu zaɓi na shanu ko kaza wanda ya fito daga firiji, a gasa ya yi zafi har ciki, kada ya ƙone. A cika albasa da tumatir da kabeji. Ɗaya ya isa, shi ma jefi-jefi. Jarin bafatake na farko lafiyarsa. Allah Ya kiyaye.