Malaman Samaru Sun Ɗauki Darasi a Gonar Talaka

Ɗan Arewa da ke zaune Ikko ko Badun bai manta da gonar gida ba, inda ake haɗa gero da dawa da wake a fili ɗaya. Malaman gona sun daɗe suna kiran wannan rashin wayewa.

A 1966 ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru, ƙarƙashin David Norman, suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau. Shekara guda cur suna bin manoma, suna auna gonaki da abin da aka girbe.

Da aka buga lissafi, ashe manomi ne da gaskiya. Haɗa shuka ya fi kawo riba a kowace eka, kuma in damina ta yi gardama, dawa ta ƙone, gero kan tsira.